Katidid mai gajeren fiffike: ya bar tashi, bai bar waƙa ba

Wanda ya saba cin soyayyar fara ya riga ya san rabin wannan darasi ko da bai taɓa zama a ajin kimiyya ba. Kafin ya kai ta baki yakan fizge ƙafafun baya masu ƙaya, ya zare fukafukai, wani har kai yake cirewa. Abin da yatsunsa suka bi ta kai shi ne tsarin jikin babban rukunin ƙwarin da masana ke kira Orthoptera: kai, ƙirji mai gaɓa uku, ciki, ƙafafu shida, sai fukafukai huɗu. Biyun sama masu ɗan kauri ne, murfi ne kawai. Biyun ƙasa masu laushi da ke naɗe a ƙarƙashinsu su ne na tashi.

Rukunin ya rabu reshe biyu. Reshen Caelifera shi ne na fara da babe da farin ɗango. Reshen Ensifera kuwa na gyare ne da 'yan uwansa, kuma a nan ake samun dangin Tettigoniidae, waɗanda Amurkawa ke kira katidid. Ƙwari ne masu kama da fara, galibi kore ko ruwan ƙasa, mafi yawansu da dare suke harkarsu. An rubuta nau'i sama da 8,000, kuma ba nahiyar da babu su sai Antaktika. Duk wanda ya zauna bakin gona ko fadama da daddare a damina ya ji muryarsu, ko da gyare ya ɗora wa alhakin hayaniyar gaba ɗaya.

Raba katidid da fara ba shi da wuya. Eriyar fara, wato zaren nan biyu da ke goshinta, gajera ce mai kauri, gaɓoɓinta ba su kai talatin ba. Ta katidid siririya ce, sau da yawa ta fi jikinsa tsawo, gaɓoɓinta sun haura talatin nesa ba kusa ba. Kunnen fara yana gefen ciki, a gaɓar farko. Na katidid yana ƙwaurin ƙafar gaba, ƙasa da gwiwa kaɗan. Tafin ƙafar fara da na gyare gaɓa uku ne, na katidid huɗu. Macen katidid kuma tana ja da bututun saka ƙwai a bayanta, fitacce sosai, har mutane kan ɗauka ƙari ne irin na kunama. Ba ta harbi. Cizo dai manyan cikinsu suna yi, kuma da zafi.

To, a cikin wannan dangi akwai ɗimbin nau'o'in da fukafukansu suka gajarce har ba sa iya tashi. Littattafan gane ƙwari kan jera su wuri guda don sauƙaƙa wa mai dubawa, sai mai karatu ya fita da zaton 'yan ɗaki ɗaya ne. Ba haka abin yake ba. Gajeren fiffike ba dangantakar jini ba ce. Hali ne da zuriyoyi daban-daban suka faɗa ciki, kowacce ta hanyarta, sau da dama a tarihin dangin. Kama da wane ba ta wane. Wanda ya riƙe wannan, sauran bayanin ƙirar jiki da na rabe-rabe zai zo masa a sauƙaƙe.

Gajartar kanta mataki-mataki ce. Akwai wanda fiffikensa ya rufe rabin ciki ko fiye, amma bai kai ƙarshe ba. Akwai wanda nasa ya tsaya a gaɓa ta biyu ko ta uku. Akwai wanda ya koma ɗan ɓawo ƙarami a kowane gefe, ko haɗuwa ba sa yi a tsakiyar baya. Sannan akwai wanda babu komai. A kusan dukkansu fukafukan ƙasa ne suka fi raguwa, domin aikinsu ɗaya ne, tashi, kuma an bar shi. A nau'i ɗaya ma namiji da mace kan bambanta. Dubi Pholidoptera griseoaptera, wani katidid mai duhun launi da ya cika shingayen gonaki a Turai: namijin yana da ɗan fiffike da ake gani ƙarara a bayan wuyansa, macen kuwa sai ka sa ido sosai kafin ka hango ɗan ɓawon da ya rage mata.

Tarkon farko ga mai koyo shi ne ƙaramin da bai balaga ba. Katidid ba ya bi ta matakin tsutsa. Daga ƙwai yake fitowa da siffar iyayensa, sai dai ƙarami kuma babu fiffike, ya yi ta saɓa sau biyar, shida ko bakwai kafin ya cika. A saɓar ƙarshe-ƙarshe tsiron fukafukai yakan bayyana, gajere, sai mutum ya rantse baligi ne mai gajeren fiffike. Dabarar ganewa ita ce duba wanda ke sama. A jikin wanda bai balaga ba tsiron a juye yake: na fiffiken ƙasa ne ke waje ya rufe na sama. A baligi kuwa, komai gajartar, na sama ne ke sama, kuma in namiji ne za a ga jijiyoyin kayan waƙa a gindinsa.

Fiffike mai aiki biyu

Tambayar da ta fi cancanta ita ce, me ya sa ba su yar da fiffiken gaba ɗaya ba, tunda ba tashi za su yi ba? Amsar tana jikin namiji. A wannan dangi fiffiken sama ba murfi ba ne kawai, da shi ake waƙa, kuma namijin da ba ya waƙa da wuya mace ta same shi cikin duhu da ciyawa.

Ga yadda kayan suke. A ƙarƙashin fiffiken hagu, kusa da gindi, akwai wata jijiya da ta yi kauri ta fitar da haƙora a jere. Wannan shi ne zarto. A gefen fiffiken dama akwai wani kaifi mai tauri. Hagu ne ke kwance a kan dama, saɓanin gyare da damansa ke sama. Idan namiji ya buɗe fukafukan ya rufe, kaifin sai ya bi ta kan haƙoran ɗaya bayan ɗaya, tamkar yaro ya ja farce a kan haƙoran mataji. Kusa da kaifin akwai wata fata siririya, garai-garai, da jijiya ta kewaye. Masana na ce mata madubi. Ita ke karɓar girgizar ta mayar da ita sauti mai tafiya nesa. Duk waɗannan kaya a gindin fiffike suke. Ana iya rasa kashi uku cikin huɗu na tsawon fiffiken ba tare da an taɓa su ba. Shi ya sa abin da ya rage a bayan namiji mai gajeren fiffike kusan kayan waƙa ne zalla, an yanke duk wani abin da ba shi da amfani ga sauti.

Hujja mafi ƙarfi kan wannan tana zuwa daga waɗanda suka kauce wa ƙa'idar. Saga pedo, babbar mafarauciya mai ƙayoyi a ƙafafun gaba da ake samu daga kudancin Turai har tsakiyar Asiya, ba ta da fiffike ko kaɗan. Ba ta kuma bukatar mai yi mata waƙa, domin mata ne zalla, ƙwansu na ƙyanƙyashewa ba tare da namiji ba. Sauran nau'o'in jinsin Saga da ke da maza, mazan sun riƙe ɗan fiffikensu suna rera waƙa. Haka Meconema meridionale, ɗan ƙaramin katidid na bishiya, fukafukansa sun koma ɓawo a namiji da mace duka, saboda a jinsinsu ba a waƙa da fiffike. Namiji ƙafar baya yake bugawa a kan ganye. Wannan ƙwaro, duk da rashin tashinsa, ya yi ta haurawa arewacin Turai har aka gan shi a Ingila a 2001, kuma an sha ganinsa maƙale a jikin motoci masu doguwar tafiya.

Sashen jiki na biyu da gajartar fiffike ta shafa shi ne garkuwar wuya, wato farantin nan mai tauri da ya rufe gaɓar farko ta ƙirji. A yawancin marasa tashi ta yi girma ta miƙe baya ta lulluɓe kayan waƙar. A jinsin Ephippiger na yankin Bahar Rum, waɗanda ake yawan ji a gonakin inabi na kudancin Faransa, bayan garkuwar ya ɗaga sama kamar sirdi, fukafukan na ɓoye a ƙarƙashi. Kariya ce, kuma tana taimakawa wajen fitar da sautin. Wani abin sha'awa a nan shi ne macen Ephippiger ma tana da kayan sauti. Haka macen Leptophyes punctatissima, wani ɗan kore mai ɗigo-ɗigo: namiji ya yi ɗan gajeren kira, ita kuma ta amsa da ƙyas ɗaya cikin abin da bai kai kashi ɗaya cikin ashirin na daƙiƙa ba, sai shi ya bi amsar ya same ta. In amsar ta makara, ba ya kula ta. Inda mace ke amsawa, ita ma dole ta riƙe ɗan fiffike.

Ƙanƙancewar madubi tana kuma ɗaga muryar sama. A 2014 masana suka bayyana wani sabon jinsi daga dazuzzukan Kolombiya da Ekwado suka sa masa suna Supersonus. Fukafukansa sun ragu ƙwarai, na dama ya zama ɗan akwatin sauti, kuma kiran namijin yana kai girgiza dubu 150 a daƙiƙa. Kunnen ɗan Adam, ko na yaro mai lafiya, a wajen dubu 20 yake tsayawa. Ko a Turai masu binciken katidid sukan yi yawo da na'urar sauraron jemagu, domin yawancin waƙar ta fi ƙarfin kunnen mutum, balle wanda shekaru suka fara ja.

Kunnen shi ma abin a tsaya a kai ne. A kowace ƙafar gaba akwai fatar ganga biyu, ɗaya ta gaba ɗaya ta baya. A wasu a buɗe suke, a wasu kuma fatar ƙafa ta rufe su ta bar 'yar tsaga. Amma mafi yawan sautin ba ta nan yake shiga ba. A gefen ƙirji, ƙarƙashin garkuwar wuya, akwai wata kafa da ta buɗe cikin bututun iska, bututun ya bi ta cikin cinya ya sauka har bayan fatar gangar. A ciki akwai jerin ƙwayoyin ji, kowanne da muryar da yake kamawa, daga mai kauri zuwa siririya. A 2012 Fernando Montealegre-Z da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Science cewa kunnen wani katidid na tsibirin Gorgona a Kolombiya yana aiki bisa matakai irin na kunnen dabbobi masu shayarwa, har da ruwan da girgizar ke bi ta ciki. Ga mai rarraba ƙwari, ko fatar gangar a buɗe take ko a rufe, da girman kafar nan ta ƙirji, alamomi ne da ake dubawa tun kafin a kalli fiffike.

Ina abincin ya tafi?

Tashi yana da tsada. Tsokar da ke kaɗa fukafukai ita ta cika gaɓa biyu na ƙirji, kuma ko ba a tashi ba sai an ciyar da ita. Gwaje-gwaje da yawa a kan gyare, musamman nau'in Gryllus firmus na Amurka da ke da dogon fiffike da gajere a gida ɗaya, sun nuna cewa mace mai gajeren fiffike tana fara saka ƙwai da wuri kuma tana saka mai yawa. Abin da za a kashe a tsoka da man tashi an juya shi zuwa ƙwai. Shi ya sa marasa tashi suke yawan zama gajerun ƙirji masu ƙaton ciki.

Namiji ma yana da inda yake zuba nasa. A wannan dangi, lokacin barbara namiji yakan manna wa mace ƙunshin maniyyi haɗe da wani farin dunƙule mai yauƙi, toshi ke nan. Mace ta sunkuya ta yi ta cin dunƙulen, kafin ta gama maniyyin ya shige. A jinsin Ephippiger da wasu Poecilimon ƙunshin kan kai kusan kashi ɗaya cikin uku na nauyin jikin namijin. Masu dogon fiffike ma suna ba da toshi, amma ba abin mamaki ba ne da ake samun irin wannan ƙaton a wajen waɗanda ba sai sun ɗaga jikinsu sama ba.

Ɗakunan gidan

Masana sun kasa Tettigoniidae ɗaki-ɗaki, wajen ashirin, kowane ɗaki da jinsuna, kowane jinsi da nau'o'i. Masu gajeren fiffike sun warwatsu a cikinsu.

Ɗakin Tettigoniinae shi ya fi tara su a Turai, Asiya da Amurka ta Arewa: masu faffaɗar garkuwa, mazauna ƙasa da ƙananan ciyayi, mata da dogon bututu mai siffar takobi. Shahararren cikinsu shi ne Anabrus simplex na yammacin Amurka, wanda ake kira gyaren Mormon duk da ba gyare ba ne. Sunan ya samo asali daga 1848, lokacin da suka afka wa gonakin mabiya ɗariƙar Mormon da ba su daɗe da sauka a kwarin Salt Lake ba, har tsuntsayen bakin ruwa suka zo suka yi ta cinye su. Tsuntsun nan shi ne a yau tambarin jihar Utah, inda kwarin yake. Ba sa tashi, amma sukan haɗa runduna ta miliyoyi su yi ta tafiya a ƙasa, har kilomita biyu a rana. A 2006 Stephen Simpson da abokan aikinsa suka nuna abin da ke kora su: yunwar furotin da gishiri. Mafi kusan wurin samun duka biyun shi ne jikin ɗan uwa, don haka wanda ya tsaya na baya su cinye shi. A 2023 ma sun mamaye garin Elko na jihar Nevada har tituna suka yi santsi da gawarsu. A kansu ne kuma Darryl Gwynne ya nuna tun 1981 cewa inda abinci ya yi ƙaranci toshi yakan yi tsada, sai mata su koma kokawa a kan namiji, shi kuma ya riƙa ƙin marasa nauyi.

Ɗakin Conocephalinae na masu tsinin goshi ne. Cikinsu akwai gwanayen tashi, irin Ruspolia differens da ake kamawa da fitilu a Uganda ana soyawa, ana ce mata nsenene. Amma a ɗakin nan dai ake samun Conocephalus dorsalis na fadamun Turai da Conocephalus brevipennis na gabashin Amurka, sirara kore masu guntun fiffike. A ɗakin Phaneropterinae, wanda ya fi kowanne yawan nau'i kuma aka san shi da masu fiffike kamar ganye, akwai jinsunan Poecilimon da Isophya da Leptophyes, dukkansu marasa tashi, matansu da gajeren bututu lanƙwasasshe mai siffar lauje. Ephippiger na ɗakin Bradyporinae ne, Saga kuma na Saginae.

Ɗakin da ya fi kusa da mu shi ne Hetrodinae, masu sulke, domin 'yan Afirka ne. Akwai Eugaster a Maroko da maƙwabtanta, Gymnoproctus a Afirka ta Yamma, Cosmoderus a dazuzzukan Kamaru da Gabon, Enyaliopsis a gabas da kudu, sai Hetrodes da Acanthoplus a kudancin nahiyar. Duk ɗakin babu mai tashi ko ɗaya. Jiki ƙato, kai dunƙulalle, garkuwar wuya cike da ƙaya, eriya ta fito daga ƙasa-ƙasan fuska, fukafukan namiji a ɓoye ƙarƙashin garkuwa. Ko tsalle mai nisa ba su iya ba.

Ƙwaron da ba ya tashi, ba ya tsalle, ga shi da maiƙo, dole ya nemi wata kariya. An fi nazarin Acanthoplus discoidalis na Namibiya, Botswana, Zimbabuwe da Afirka ta Kudu, mai tsawon wajen santimita biyar. In aka kama shi zai yi cizo, namiji zai yi ƙara da fukafukansa, zai amayar da abin da ya ci, sannan ya fesa jininsa ta wasu kafofi a gindin ƙafafu. Jinin rawaya-kore ne mai ɗaci da wari. Bill Bateman da Patricia Fleming sun gwada a 2009, suka ga ƙadangaru na ƙin cin abincin da aka shafa wa jinin. Bayan ya tsira sai ya zauna ya goge jikinsa tas, domin 'yan uwansa ba su da tausayi ga mai jini a jika.

Manoman dawa da gero na can sun san shi a matsayin annoba. Mace tana binne ƙwai a ƙasa, ƙwan ya kwana har ruwan sama ya sauka, sai su fito su hau zangarniya lokacin da ƙwaya ke da madara. A Botswana har an rubuta cewa suna hawa sheƙar jan-baki, tsuntsun nan da manoman gero da shinkafa na ƙasar Hausa suka sani sarai, su cinye 'ya'yan. Amma rashin fiffiken nasa shi ne lagonsa. Tunda da ƙafa yake shiga gona, an gwada haƙa rami mai miƙaƙƙen gefe a kewaye da ita, su faɗa su kasa fita. Ba wanda zai yi wa farin ɗango wannan dabara bayan ya yi fiffike.

Wasu masanan baya sun tara Hetrodinae da su Ephippiger a dangi ɗaya na daban, saboda duk ƙatti ne marasa tashi masu eriya ƙasa-ƙasa. Yau an mayar da su ɗakuna daban-daban a cikin Tettigoniidae.

In ba fiffike ba, me ake dubawa?

Mai rarraba katidid ya fi ba da ƙarfi a ƙarshen ciki. Namiji yana da 'yan ƙahonni biyu a can da yake riƙe mace da su lokacin barbara. Siffarsu, da inda haƙorin cikinsu ya fito, a tsakiya ne ko kusa da gindi ko can ƙarshe, sau da yawa ita kaɗai ke raba nau'i biyu da ido ba zai raba ba. A wasu jinsunan sai an buɗe an ciro wasu 'yan ƙaya masu tauri na cikin al'aurar an duba a madubin ƙara girma. A mace kuwa farantin ƙarƙashin ciki ake dubawa, da bututun ƙwai. Bututun falle shida ne, uku a kowane gefe, suna zamewa a jikin juna su tura ƙwai. Siffarsa tana faɗin inda ake ajiye ƙwan: dogo miƙaƙƙe na soka ƙasa ne, siriri mai ɗan lanƙwasa na karan ciyawa ne, gajere mai faɗi kan shiga tsagar ɓawon itace ko tsakanin fatar ganye. Bayan wannan sai faɗin tsinin goshi, ƙaya biyu da ke tsakanin ƙafafun gaba ko rashinsu, yawan ƙayar ƙwauri, da adadin haƙoran zarto. Sannan waƙar kanta, wadda a yau ake naɗa a auna ta a kwamfuta. A ganina ita ce shaida mafi gaskiya, tunda da ita matan ke tantance nasu.

Binciken ƙwayoyin gado na DNA ya zo ya girgiza ɗakunan. A 2013 Joseph Mugleston da Hojun Song da Michael Whiting suka fitar da bishiyar dangin, suka faɗaɗa ta a 2018. Dangin gaba ɗaya ya tabbata tsatso ɗaya ne, amma ɗakuna da dama, ciki har da Tettigoniinae da Meconematinae da Pseudophyllinae, sun fito a matsayin taron waɗanda ba kaka ɗaya suka haɗa ba. Sun kuma gano cewa fiffike mai kama da ganye ya ɓullo aƙalla sau shida daban-daban. In siffa mai wuyar ƙerawa irin wannan za ta maimaita kanta, rage tsawon fiffike, wanda ya fi sauƙi, ba abin dogaro ba ne ko kaɗan wajen ƙulla zumunci.

Akwai ma nau'o'in da ba su yanke shawara ba. Roeseliana roeselii, wanda tsofaffin littattafai ke kira Metrioptera roeselii, yawanci gajeren fiffike ne da shi. Amma daga ƙwan uwa ɗaya ana iya samun 'yan kaɗan masu cikakken fiffike da ke tashi sosai, kuma gwaji ya nuna cewa cunkoso lokacin ƙuruciya na ƙara yawansu. Shekarun zafi ma sukan zo da su da yawa. A 2001 Chris Thomas da abokan aikinsa suka wallafa a mujallar Nature cewa a Ingila, inda wannan ƙwaro ke faɗaɗa mazauninsa zuwa arewa da yamma, masu dogon fiffike sun fi yawa a sababbin wuraren da aka mamaye fiye da tsofaffin. Su ne 'yan share fage. In an zauna an kafu, zuriyar sai ta koma gajeren fiffike da yawan ƙwai. Nau'in ya tsallaka Kanada, an fara ganinsa kusa da Montreal a farkon shekarun 1950, daga nan ya bazu cikin Amurka. Conocephalus dorsalis ma yakan fitar da mai dogon fiffike jefi-jefi. Wanda ya kama ɗaya daga cikin irin waɗannan ya tafi shafin masu dogon fiffike a littafi, ba zai taɓa samun sunansa ba.

Waɗanda suka bar tashi kwata-kwata kuwa, kogi ɗaya ko kwari ɗaya ya isa ya raba su da 'yan uwansu na dubban shekaru, har waƙa da ƙahonnin ciki su bambanta su zama nau'i biyu. Shi ya sa jinsin Poecilimon kaɗai ke da nau'i sama da ɗari, galibi a Girka da Turkiyya da yankin Balkan, wasu a tsauni ɗaya tak. Jinsin Eupholidoptera ya yi haka a tsibiran Girka, musamman Kirit. A Tanzaniya, Claudia Hemp ta Jamus ta shafe shekaru tana bin Kilimanjaro da tsaunukan gabashin ƙasar, ta bayyana sababbin nau'o'i masu yawa, da dama cikinsu marasa tashi da ba a samunsu sai a tsauni guda ko biyu. Wannan ƙuncin mazauni shi ne kuma haɗarinsu. Da ƙungiyar kare halittu ta IUCN ta tantance fara da gyare da katidid na Turai a 2016, nau'i sama da dubu, ta samu fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na fuskantar barazanar ƙarewa, kuma da yawa daga cikinsu marasa tashi ne na tsauni ko tsibiri, inda gobarar daji, kiwon da ya wuce kima ko sauya gona ke iya shafe mazauninsu baki ɗaya.